GASAR LASIFIKA A ILLELA: INA RIBAR WANNAN CINIKI?

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela ranar Lahadi ya san abin da za mu yi magana a kansa tun kafin mu ambace shi. Tun da hantsi, kafin fatake su gama sauke dabbobin da suka koro daga Birnin Ƙonni da Tawa, mai maganin basir ya riga ya kafa motarsa, ya ɗaure ƙahonnin lasifika huɗu a kan rufinta, kowanne ya fuskanci kusurwa guda. Nan kusa da shi mai maganin shawara ya ga an rufe masa murya, sai ya ƙure tasa. Mai sayar da memori ya ga ba a jin samfurinsa, shi ma ya ƙara. Can kuma ga samari sun cika but ɗin mota da akwatin wufa, suna zagaye gari gilashi a sauke, har ƙyauren shago yana rawa idan sun wuce. Idan lokacin siyasa ne a ƙara da motocin kamfe, idan lokacin biki ne a ƙara da ayarin rakiyar amarya. Dillali da mai saniya sai sun kai baki kunne kafin su sallama. Wanda ya fito daga Kalmalo ko Gwadabawa da lafiyarsa ya koma gida da yamma kansa na sarawa, kunnensa na ƙugi, yana cewa gajiyar kasuwa ce.

Maganarmu ta yau ba a kan hukuncin kiɗa take ba, wannan yana da nasa zaman. Muna magana ne a kan ƙarar kanta, ko da abin da ke fita daga lasifikar halal ne tsantsa. Da'awarmu guda ce, kuma za mu kafa ta da lissafi: wanda ke tseren ƙara ƙarfin wutar na'urarsa yana ninka hasararsa, yana ninka cutar da yake yi wa bayin Allah, alhali kuwa amon da yake nema bai ƙaru ba sai ɗan kaɗan. Cinikin da aka yi hasara a cikinsa duniya da lahira ke nan.

MENE NE WAT, MENE NE DESIBEL?

Wajibi ne mai hukunci ya san abin da yake yi wa hukunci. Saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da mu, mu ɗan shiga rumfar mai rewaya.

Kayan sautin mota uku ne. Akwai rediyo ko wayar da ke fitar da sautin, akwai amfilifaya mai ƙara masa ƙarfi, akwai kuma lasifika mai juya wannan wuta ta zama motsin iska. Ƙarfin wutar da amfilifaya ke turawa ana auna shi da wat. Ƙarfin amon da ya isa kunne kuwa ana auna shi da desibel. Jahilcin da ke cinye kuɗin samarinmu shi ne zaton cewa waɗannan biyun tafiya ɗaya suke yi, wato idan ka ninka wat ka ninka amo. Ko kusa ba haka ba ne.

Ga ƙa'idar da masana sauti suka tabbatar, kuma babu mai jayayya da ita. Idan ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal za ka ƙara, kuma desibel 3 bambanci ne ɗan kaɗan a kunnen mai sauraro, ya ji dai an ɗan taɓa. Kafin kunnen mutum ya ce masa amo ya ninka biyu, sai an ƙara kimanin desibel 10, kuma desibel 10 ba ya samuwa sai an ninka wat sau goma.

Mu buga misali. Lasifikar mota irin ta yau da kullum, idan aka ba ta wat 1 aka tsaya mita ɗaya daga gare ta, tana ba da kimanin desibel 90. A ba ta wat 10, ta ba da 100. A ba ta wat 100, ta ba da 110. Kafin ta kai 120 sai an ba ta wat 1,000. To, saurayin da ya sayar da amfilifayarsa mai wat 100, ya cika kuɗi ya sayo mai wat 200 don ya ƙure abokinsa, me ya samu? Ya tashi daga 110 zuwa 113. Abokin nasa ma da ƙyar zai lura. Idan yana son a ce tasa ta ninka ta abokin, sai ya nemi wat 1,000, idan kuma yana son ya sake ninkawa sai wat 10,000. Tsani ne wanda kowane mataki a cikinsa ya ninka na ƙasansa tsada sau goma, kuma ba shi da ƙarshe.

Wannan ma lissafin takarda ne. A zahiri abin ya fi haka muni, domin lasifika mai faifai muguwar mabarnaciya ce. Daga cikin wat ɗari da ake ɗura mata, abin da ke zama sauti bai cika wuce ɗaya ba, sauran duk zafi ne. Idan zaren tagullar da ke cikinta ya ɗau zafi sai ya riƙa tauye wutar da ke shiga, amo ya ragu da wasu desibel, mai ita ya ga kamar ta yi sanyi ya ƙara murɗawa. Idan aka matsa wa amfilifaya fiye da iyawarta sai ta fara yanke kan sautin, murya ta shaƙe ta koma gwarama, zaren ya ƙone. Balle a ƙasa irin tamu, inda a watan Afrilu zafin rana ke haura digiri 40, cikin but ɗin mota kuwa kamar tanderu.

Akwai wani abin lura kuma. Lasifika mai bakin ƙaho, irin wadda masu magani ke ɗaurawa a rufin mota, ta fi mai faifai iya juya wuta ta zama amo nesa ba kusa ba. Da wat 1 tana iya ba da desibel 105 ko fiye. Saboda haka mai magani da 'yar amfilifayarsa ta wat 30 yana kai desibel 120, daidai da saurayin da ya kashe dukiya a kan wat 1,000. Wannan ya nuna abu biyu. Na farko, yawan wat ba shi ne amo ba. Na biyu, kada wani ya ce mana shi ƙaramar na'ura gare shi don haka ba ya cutar da kowa.

Haka nan idan motoci biyu masu ƙarfi ɗaya suka tsaya kusa da juna suna gasa, hayaniyar ta ƙaru da desibel 3, amma babu wanda ake fahimtar maganarsa a cikinsu. Kowa ya ƙara don a ji shi, ƙarshenta ba a jin kowa.

ƘARYAR DA KE JIKIN KWALI

Sai mu zo ga ha'incin da ke cikin cinikin kansa. Za ka ga amfilifaya wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba, an rubuta 3000W ko 5000W a jikin kwalinta da manyan haruffa, wani lokaci a liƙa PMPO a gefe. Wannan adadi na talla ne. Adadin da ake dogara da shi shi ne wanda ake rubuta RMS a gabansa, wato ƙarfin da na'urar za ta iya riƙewa a ɗore, kuma sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Fankam fankam ba shi ne kilishi ba.

Ga hanyar da kowa zai gane gaskiya da kansa. Duba fis ɗin da ke jikin amfilifayar. Wutar mota idan inji yana aiki kimanin bolt 14 ce. Ninka lambar fis da 14, abin da ya fito shi ne iyakar wat ɗin da za ta iya sha kafin fis ya tsinke. Idan fis ɗin na amfiya 30 ne, to wat 420 ke nan, kuma a cikinsa wani kaso zai tafi a zafi. Ina wat 5,000 ya fito? Wanda ya sayar maka da ita a kan wat 5,000 yana sane, ya yi algus, kuma matsayin algus a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya sayar bai sani ba, to daga yau ya sani.

Idan kuma amfilifayar ta gaskiya ce, mai wat 1,000 sosai, to wata matsala ta taso. Tana bukatar amfiya 90 ko fiye idan an ƙure ta, alhali altaneton ƙananan motoci da yawa tsakanin amfiya 70 ne zuwa 100, kuma a cikinsa ne fitilu da fanka da injin kansa ke cin nasu rabo. Shi ya sa za ka ga fitilar motar tana lumshewa duk lokacin da gangar ta buga. Batir ya mutu kafin lokacinsa, altaneto ya ƙone, a sayo batir na biyu, a sake waya. Wutar kuma ba daga sama take saukowa ba, daga fetur take. Amfilifaya irin wannan tana cin ƙarfin doki biyu zuwa uku daga injin, a ƙasar da tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane magidanci ya san yadda lita take a aljihu. Mafi haɗari, idan aka ja siririyar waya daga batir zuwa but ba tare da fis a kusa da batirin ba, ranar da ta goge ta taɓa ƙarfe gobara ce, da mutane a ciki. Allah Ya kiyashe mu.

Shin mai hankali zai kira wannan da wani suna in ba almubazzaranci ba? Mun san kuwa waɗanda Suratul Isra'i ta ce masu almubazzaranci 'yan'uwansu ne.

ABIN DA KUNNE KE BIYA

Nan ne kan maganar, ya ɗan'uwa, don haka ka natsu. Mun ce desibel 3 ƙaramin bambanci ne a wurin jin daɗin mai sauraro. To, a wurin lahani ba ƙarami ba ne, ninki biyu ne cif.

A can cikin kunne akwai wata 'yar gaɓa mai siffar dodon koɗi, a cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi wajen dubu 15, su ne ke karɓar amo su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana karya su, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa har abada. Babu allura, babu saiwa, babu tiyatar da ke mayar da shi.

Cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato NIOSH, ta ƙayyade cewa desibel 85 shi ne iyakar abin da ma'aikaci zai zauna a cikinsa na awa 8 a yini. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. A 88 awa 4 ne, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 97 rabin awa, a 100 minti 15. A 109 bai kai minti biyu ba. A 120 bai kai daƙiƙa goma ba.

Ka ga cinikin ke nan a fili. Ka ninka kuɗi, ka ninka wat, kunnenka ya ce maka an ɗan ƙara, amma lokacin da zai iya jurewa ya rabu biyu. Ka ninka wat sau goma, amo ya ninka biyu a jinka, cutar kuwa ta ninka goma.

Mu koma kasuwa da wannan ma'auni. A fili, duk lokacin da ka ninka nisanka daga lasifika amo yana raguwa da desibel 6. Ƙahon da ke ba da 120 a mita 1 zai ba da 114 a mita 2, 108 a mita 4, 102 a mita 8, 96 a mita 16, 90 a mita 32. Sai an yi wajen mita 60 kafin a sauko 85. A wannan lissafi, mai tumatir da ya baza kayansa mita 16 a gaban ƙahon ya cinye rabonsa na yini kafin awa guda ta cika, alhali daga hantsi zuwa la'asar yake zaune a wurin, kuma mako mai zuwa zai dawo. Yarinyar da ke talla da ƙanenta a goye, wa ya tambaye ta? Shi kansa mai maganin da yaronsa, waɗanda ke ƙarƙashin ƙahon yini zubur, su ne farkon waɗanda za su kurmance. Abin takaici ne mutum ya fito sayar da lafiya yana raba cuta.

Ita kuwa wufa tata illar daban ce. Amonta mai kauri doguwar igiya gare shi, ta kai kusan mita bakwai idan yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, don haka katanga ba ta tare shi yadda take tare siririyar murya. Yana ratsa bango ya iske mai jego da jaririnta, ya iske tsoho mai hawan jini, ya iske ɗalibi a kan allonsa, ya iske mai sujada. A cikin motar kuma, idan an rufe gilashi, ƙuncin wurin yana ƙara masa ƙarfi. Direban da ke cikin wannan hali ba ya jin hon ɗin tirela, ba ya jin ɗan kabu-kabu, ba ya jin jiniyar motar asibiti, a kan hanya irin ta Sakkwato zuwa Illela wadda manyan motoci ba sa yankewa.

Muguntar wannan cuta ita ce ba ta zuwa da jini. Tana farawa da ƙugin kunne bayan biki, ya tafi da safe. Wata rana ya zo ya ƙi tafiya. Sai mutum ya fara cewa mutane ba sa buɗe baki idan suna magana, yana jin murya amma ba ya rarrabe kalmomi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron ƙara mai tsanani, kuma a shekarar 2022 ta fitar da ƙa'idar cewa ko a wuraren taron nishaɗi kada matsakaicin amo ya wuce desibel 100. Mutumin Illela da kunnensa ya lalace sai ya yi tafiyar wajen kilomita 80 zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ya dangana da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, kuma iyakar abin da za a yi masa shi ne a ba shi na'urar taimakon ji, in yana da kuɗinta. Wanda ya kurmantar da shi kuwa ya daɗe da naɗe wayarsa ya wuce wata kasuwa.

INDA WANNAN HANYA TA KAI MASU ITA

Samarinmu suna kallon bidiyo a waya suna sha'awa, to bari mu gaya musu ƙarshen hanyar. A Amurka, tun shekarun 1990, wani mai suna Wayne Harris ya kafa gasar da ake kira dB Drag Racing, inda ake auna motar da ta fi kowace ƙara. Manyan masu gasar suna cika jikin mota da kankare, su sa gilashi mai kaurin gaske, su ɗaure ƙofofi da kusoshi, su jera batura da yawa, su tura dubban wat. Wasunsu sun haura desibel 170. To, me suke saurare? Ba waƙa ba, ba magana ba, amo ne guda ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi. Kuma babu mai zama a ciki, daga waje ake danna ta, domin sun san abin da za ta yi wa ɗan Adam. Mota ce da ba ta ɗaukar fasinja, sauti ne da ba a saurare. Iyakar wannan fanni ke nan idan ya cika ya batse.

Ƙasashen da abin ya fara yi wa yawa sun ɗauki mataki. A Barazil, inda ake jera lasifika kamar katanga a bayan mota, hukumar zirga-zirga ta ƙasa ta haramta a shekarar 2016 duk sautin mota da ake ji daga waje har ya dami jama'a. A nan gida ma doka ba ta yi shiru ba. An kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007, kuma a 2009 aka fitar da dokar ƙayyade ƙara, wadda ta sanya wa unguwannin zama iyakar da ba ta kai ko kusa da abin da ƙaho guda ke fitarwa ba. Dokar tana nan a takarda, masu aiwatarwa ne ba mu gani ba.

HUJJOJINSU DA AMSARMU

Wani zai ce: motata ce, kuɗina ne. Muna cewa: motar taka ce, amma iskar ba taka ba ce, kunnen maƙwabcinka ma ba naka ba ne. Kai, naka kunnen ma aro ne, kuma aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta sanar da mu cewa ji yana cikin abubuwan da za a tambayi bawa a kansu. Da za ka tsaya a ƙofar gidan mutum ka riƙa watsa masa ƙasa, kowa zai kira ka azzalumi. Mene ne bambancin ƙasa da ƙara, in ban da ita ƙasa ana share ta?

Wani zai ce: neman abinci nake yi. Allah Ya sa albarka a nemanka. Amma mai tumatir da ka hana shi jin mai sayensa shi ma abinci yake nema. Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa cuta kawar da ita ake yi, kuma ba a halatta wa mutum ya nemi amfaninsa ta hanyar cutar da waninsa. Rage muryar zuwa inda mutanen da ke kewaye da motarka za su ji, ai su ne masu saye. Wanda ke mita ɗari biyu ba magani zai saya ba, Allah-ya-isa zai yi maka.

Wani kuma zai ce: ai kowa yana yi. Mun riga mun nuna cewa idan kowa ya ƙara babu wanda ya ƙaru. Da dukkanku za ku rage tare, da kowa ya ci gaba da jin ku yadda yake ji, ko ma fiye, batir ɗinku ya daɗe, feturinku ya yi auki.

LAIFI TUDU NE

Da mun tsaya a nan da mun zama masu taka nasu su hango na wani. Gaskiya ɗaya ce, kuma daga gida take farawa. Mu ma muna da motoci masu ƙaho. Mu ma muna zagaye gari da sanarwar wa'azi, muna kafa lasifika a fili mu fuskantar da ita cikin unguwa, mu kai tsakar dare. Mun sha ganin majalisin da bai wuce mutum ɗari ba, amma an ɗaure masa kayan da za su ishi filin Idi. Mun sha ganin matashi mai kishin addini ya ƙure karatun Alƙur'ani a motarsa a tsakiyar kasuwa, inda ake rantse-rantse da ashar, babu mai saurare, yana ganin lada yake tarawa.

Ya 'yan'uwa, desibel bai san wa'azi ba, bai san waƙa ba. Yadda ƙahon mai magani ke karya ƙwayoyin kunne haka namu yake yi. Kuma mu ne muka fi cancantar zargi, domin mu ne muke karanta wasiyyar Luƙman ga ɗansa, inda ya umarce shi da sassauta murya, aka kuma ambaci dabbar da muryarta ta fi kowace muni. Mu ne muke karantar da cewa Manzon Allah (SAW), yana cikin i'itikafi, ya hana sahabbansa ɗaga murya a kan juna ko da a karatun Alƙur'ani ne. Mu ne muke karantar da cewa imanin mutum yana da tawaya matuƙar maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba.

Kada wani ya ce wannan kira makircin maƙiya ne don a kashe da'awa. A watan Mayun 2021 Ma'aikatar Harkokin Addinin Musulunci ta Saudiyya ta umarci masallatai su taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, kuma kada muryar ta wuce sulusin ƙarfinta. A 2022 Ma'aikatar Addini ta Indunisiya ta sanya desibel 100 a matsayin iyaka. A Legas kuwa, a 2016, hukuma ce ta rufe coci-coci da masallatai da dama saboda ƙara. Gara mu gyara da hannunmu kafin a zo a gyara mana da kwaɗo.

Mu tuna kuma cewa Ɗegel tana nan kusa da mu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana karantarwa a can, ya zaga Kabi da Zamfara yana wa'azi, har ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ba shi da wat ko ɗaya. Kiransa ya kai inda lasifikarmu ba za ta taɓa kaiwa ba, domin ilimi da kyawun hali ne suka ɗauke shi. Idan maganarmu ba ta shiga zukata, ba ƙarancin wat ba ne matsalar.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Na ɗaya, kwamitocin wa'azi na rassanmu su fara da kansu. A auna sauti da girman majalisi. Ƙananan lasifiku da yawa a rarrabe cikin jama'a, kowace da sassauƙar murya, sun fi ƙaho guda da aka ƙure, domin na baya zai ji sarai ba tare da an kurmantar da na gaba ba. A fuskantar da su ga mazauna majalisi, a kawar da su daga gidaje. Motar sanarwa ta yi shiru idan ta zo kusa da asibiti ko makaranta ko masallacin da ake salla, kuma a ajiye ta bayan isha'i.

Na biyu, 'yan agaji su sauke manhajar auna desibel a wayoyinsu. Ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba, amma ta isa ta nuna an wuce gona da iri. Wanda ba shi da ita ga ma'auni mai sauƙi: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya ko biyu daga gare ka ya ji ka, to wurin ya kai haddin cutarwa.

Na uku, shugabannin kasuwa da na tasha da masu unguwanni su zauna da masu tallan magani da masu sayar da memori, a keɓe musu wuri, a ba da tazara tsakaninsu, a yi yarjejeniya a kan iyakar murya. Ƙaramar hukuma ta mara musu baya, doka tana gefenta.

Na huɗu, masu rewaya da masu sayar da kayan sauti su ji tsoron Allah. Ku faɗa wa mai saye wat ɗin gaskiya, ku sa waya mai kauri da fis a bakin batir, ku gaya wa yaro cewa ninka wat ba zai ba shi abin da yake nema ba. Ribar da aka ci da ɓoye aibi ba ta da albarka.

Na biyar, iyaye su tambayi 'ya'yansu abin da ke cikin but. Wanda ya ji ƙugi a kunnensa ba ya tafiya, ya je asibiti tun da sauran abin da za a tsare, kada ya tsaya ɗiga mai ko tura tsinke.

A ƙarshe muna kira ga samarinmu da murya ta ƙauna. Wanda ya iya haɗa amfilifaya da wufa, ya iya lissafin waya da batir, yana da basirar da garin nan ke bukata. Wannan ilimin shi ne na haɗa sola a gidaje da rijiyoyin burtsatse, shi ne na gyara sautin masallaci ya fita tas ba tare da ya dami kowa ba. Ku juya shi inda za a sa muku albarka. Akwai ranar da za ku so ku ji kiran sallar asuba, ku ji muryar jikokinku, ku ji kalmar shahada idan ana laƙƙana muku ita. Ku adana kunnen da za ku ji su da shi.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya tsare mu daga cutar da bayinSa da hannu ko da harshe ko da na'ura. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki namu ne, muna neman gafararSa.